Gasar hunturu a zauren Kawu: littafin mai riƙe maki

Asabar, 16 ga Nuwamba 2024

Yau muka tsayar da magana. Gasar hunturu ta kulob ɗinmu na ces, wasan da a nan Garwa aka fi sani da eshek, za ta fara ranar 30 ga wata a zauren Kawu mai kanti, a Yelwa. Mutum goma suka ba da suna. Kowa zai kara da kowa sau ɗaya, zagaye tara ke nan, wasa 45. Ci maki ɗaya, canjaras rabi. Ni aka ɗora wa littafi da kuɗi, kuma ina cikin masu bugawa.

Na karɓi aikin ne saboda abin da ya faru bara. An gama gasa, aka ce Baba Tela ne zakara karo na biyu a jere, amma har aka shiga azumi ana ja-in-ja a kan wasa biyu da ba wanda ya rubuta takunsu. Wannan ya ce doki a nan yake, wancan ya ce a'a, can yake. Mutum biyu suka daina zuwa a kan haka. A bana so nake a gama lafiya, wanda aka ci ya san inda aka ci shi, ba sai an kai ga rantse-rantse ba. Don haka doka ta farko a takardarmu: kowa ya rubuta takunsa da na abokin karawarsa.

Kowane ɗan wasa yana da minti 45. Tsakanin La'asar da Magariba ne kawai muke da shi, in an fara ƙarfe huɗu, kafin biyar da rabi an tashi. A dokar FIDE, hukumar ces ta duniya, wasan da bai kai awa ɗaya ga kowane mutum ba wasan sauri ne, rubutu bai zama dole ba. Mu mun mai da shi dole.

Da sunan da muke kiran juna a zaure zan riƙa rubutawa: Baba Tela, Malamin lissafi da 'yarsa wadda ke ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, Dokta da ke aikin jinya, Direba, Ɗan Chadi mai sayar da atamfa, Mai gyaran waya, Kawu, ni, sai Auta, yaro ɗan shekara 15 da ya koyi wasan a wayar yayansa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Kuɗin shiga jaka ɗaya ga manya, dala ɗari, wato sefa 500, ga kowane ɗaya cikin 'yan makaranta biyu. Sefa 9,000 ta taru, Kawu ya ƙara jaka biyar daga aljihunsa, ya zama 14,000. Na sayi ƙaramin kofi a babbar kasuwa 6,000, bayan ciniki mai tsawo. Fotokofin takardar rubuta taku shafi 50, 1,250. Bik, wato biro, guda goma, 1,000.

Allo huɗu gare mu, ana buƙatar biyar. Ɗan Chadi ya kawo nasa aro. Ɗaya daga cikin namu kuma ba baƙar hasumiya, ba fararen dakaru biyu, tun da daɗewa da murfin kwalba muke cike gurbinsu. Na kai wa wani kafinta a Pumpumre samfuri, ya sassaƙa uku a kan 1,500. Hasumiyar ta ɗan fi 'yar'uwarta tsawo, amma tana tsayawa da ƙafarta. Agogo biyu ne kawai, irin na da masu tuta. Sauran alluna uku da waya za su yi amfani.

Ga mai karatu daga nesa, ga yadda muke kiran 'ya'yan: sarki, sarauniya, hasumiya, doki, dakaru. Wanda Faransawa ke kira mahaukaci, mu wawa muke ce masa, tunda a fada ma wawan sarki ba ya nesa da sarki. Ɗan Chadi giwa yake kiransa kamar yadda Larabawa ke yi, wasan kansa kuma shataranji. Baba Tela ya ce a Borno an daɗe da sanin irinsa, tsatsarandi suke ce masa. A takarda kuwa haruffan Faransanci muke sawa, R, D, T, F, C, don su 'yan makaranta suka saba da su.

Asabar, 30 ga Nuwamba, zagaye na ɗaya

An fara ƙarfe huɗu da minti goma. Hunturu ya sauko sosai, iska ta kwashe takardu biyu ta watsa su tsakar titi, sai da muka danne kowace da dutse. Mako mai zuwa zan rataya tabarma a bakin ƙofa.

Baba Tela ya ci Kawu, Malam ya ci ni, Dokta ya ci 'Yar Malam. Mai gyaran waya ya ba kowa mamaki, ya ci Ɗan Chadi. Auta ya ci Direba a taku 31, bai kashe ko minti ashirin a agogonsa ba.

Rubutun ne ya ba da wuya. Kawu ya rubuta taku takwas ya ajiye bik, ya ce shi kansa ba ya ɗaukar tunani biyu a lokaci guda. Na zauna da shi bayan Magariba muka sake jera wasan daga takardar Baba Tela. Mun yarda ɗan maƙwabcinsa zai riƙa zama kusa da shi yana rubuta masa, da sharaɗin bakinsa a rufe. Wayar da ke allo na biyar kuma kira ya shigo mata ana tsakar wasa, agogon ya tsaya. Daga yau duk wayar da za ta zama agogo sai an cire mata layi.

Asabar, 7 ga Disamba, zagaye na biyu

Direba ya ci Baba Tela. Shekara biyu ban ga an ci shi a gasa ba, don haka bari in rubuta yadda aka yi.

Direba da farare yake, ya zo da irin wasansa na kullum, tura dakaru gaba ba waiwaye. A taku na 18 ya ba da doki, kuma duk wanda ke tsaye ya ga ba hikima ba ce, kuskure ne. Baba Tela ya karɓa ya gyara zaman hularsa. Daga nan ya shiga musayar 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda mai riba ke yi. Sai dai sarkinsa na zaune a bayan dakaru uku da ba wanda ya taɓa motsawa, ba shi da ko taga. Da ya fitar da hasumiyarsa ta biyu daga sahun baya don ya cinye wani dakare da ba ya cutar da kowa, sai Direba ya sauke tasa hasumiyar a sahu na takwas. Mat, wato an kama sarki ba mafita. Zauren ya yi tsit har ana jin tafasar shayi.

Baba Tela ya daɗe yana kallon allon. Sannan ya miƙa hannu ya ce, "Ka ci, ɗana. Kwaɗayi ne ya kai ni." Ya sa hannu a takarda da kansa, ya miƙo mini.

Auta ya ci Mai gyaran waya, Malam da Dokta canjaras, Ɗan Chadi ya ci Kawu, 'Yar Malam ta ci ni. Shayi, sukari da gawayi na wannan wata, 1,500.

Alhamis, 12 ga Disamba

Ba ranar wasa ba ce, amma mu shida muka haɗu a shagon Mai gyaran waya da rana, muna bin wasan ƙarshe na gasar duniya daga Singafo. Wasa na 14, Ding Liren na Sin da Gukesh na Indiya. Kowa ya ɗauka canjaras za a yi. Sai Ding, mai farare, ya kawo hasumiyarsa gidan f2 yana neman musaya, alhali wawansa na maƙale a kusurwa. Gukesh ya musanya hasumiya, ya tilasta musayar wawa, aka bar sarakuna da dakaru, ƙarshen da ba shi da magani. Maki bakwai da rabi da shida da rabi. Yaro ɗan shekara 18 ya zama zakaran duniya, ya karya tarihin Kasparov da ya hau a 1985 yana da 22.

Auta ya zo daga makaranta da jakarsa a baya, ya tarar an gama. Malam ya jera masa matsayin a allo ya ce ya nuna dalilin da ya sa farare suka faɗi. Ya ga musayar nan take, amma da aka zo kan tafiyar sarki da dakaru sai ya fara lalube. Na lura da wannan na ajiye a raina. Yaron kaifi gare shi a tsakiyar wasa, ƙarshen wasa kuwa bai taɓa zama ya koya ba, don a waya yawancin wasanninsa ba sa kaiwa can.

Asabar, 14 ga Disamba, zagaye na uku

Ba wani abu. Auta ya ci Dokta, Baba Tela ya ci ni, Direba ya ci Kawu, 'Yar Malam ta ci Mai gyaran waya, Malam da Ɗan Chadi canjaras. Tabarma ta yi aiki.

Asabar, 21 ga Disamba, zagaye na huɗu

Malam ya ci Direba. Na yi canjaras da Dokta. Auta, Baba Tela da Ɗan Chadi duk sun ci wasanninsu. Auta na gaba da huɗu cikin huɗu, Baba Tela da Malam uku-uku. Mako mai zuwa hutu, da yawa za su yi tafiyar ƙarshen shekara.

Asabar, 4 ga Janairu 2025, zagaye na biyar

Ranar ba ta yi daɗi ba. Direba bai zo ba, wayarsa ba ta shiga, Ɗan Chadi ya zauna gaban allo shi kaɗai har biyar saura.

Babbar matsalar a allon Auta da Malam ta faru. A taku na 11 Auta zai yi rok, wato ya shigar da sarkinsa gefe. Sai ya fara ɗaukar hasumiya, sannan ya kai hannu ga sarki. Malam ya tsayar da agogo ya kira ni. Doka a fili take: rok takun sarki ne, sarki ake fara taɓawa. Wanda ya fara taɓa hasumiya da niyya, hasumiyar zai motsa, ba rok a wannan taku. Auta ya ce bai sani ba, kuma na yarda da shi ɗari bisa ɗari. A waya ba a taɓa komai, yatsa ne kawai ke jan hoto.

Dokta ya taso daga nasa allon ya ce, "Haba Malam, yaro ne fa, ɗalibinka ne." Malam ya ce, "Don ɗalibina ne nake so ya koya a nan, ba sai ya je Yawunde an koya masa a gaban baƙi ba." Duk suka juyo suna kallona. Takardar dokarmu ta ce ɗan da ka taɓa shi za ka buga, kowa ya sa hannu. Na ce a motsa hasumiya.

Auta ya tura ta gida ɗaya. Sarkinsa ya zauna a tsakiya har ƙarshe, Malam ya buɗe layin da ke gabansa ya shigo da sarauniya. Taku 34 aka gama. Yaron ya sa hannu bai ɗago kai ba, ya fita bai sha shayi ba.

Na kwana ina juya abin. Ban ga na yi zalunci a hukuncin ba. Inda na gaza shi ne ranar farko: na karanta dokar taɓawa a baki, ban ɗauki allo na nuna yadda ake rok ba, alhali na san rabin mutanen nan a waya suka koya. Minti biyu da ya ɗauka.

Baba Tela ya ci Dokta, 'Yar Malam ta ci Kawu, na ci Mai gyaran waya.

Laraba, 8 ga Janairu

Direba ya kira ni jiya da dare daga wajen Tuboro. Kakar auduga ta kankama, an ba shi jigila daga ƙauyuka zuwa masana'antar gurza, ba zai dawo gari ba sai wajen Maris. Ya ba da haƙuri. Neman abinci ne, ba wanda zai ga laifinsa.

Amma takardar dokar da na rubuta ba ta ce komai ba a kan wanda ya fita a tsakiyar gasa. Wannan gibin nawa ne. Na kira taro bayan Isha'i a zauren Kawu.

Hanya biyu ce. Ko a bar wasanninsa huɗu yadda suke, sauran mutum biyar da bai kara da su ba a ba su maki kyauta. Ko a bi tsarin FIDE na gasar kowa da kowa: wanda ya fita bai buga rabin wasanninsa ba, ana soke sakamakonsa daga lissafi. Direba huɗu ya buga cikin tara, bai kai rabi ba. Kowa a zauren ya san ma'anar sokewar. Cin da aka yi wa Baba Tela zai goge. Auta da Malam kowa zai rasa maki ɗaya da ya sha wuya ya samu.

An yi kusan awa biyu ana magana, da Hausa, da Fillanci, in rai ya ɓaci a koma Faransanci. Mai gyaran waya ya ce wasan da aka buga a gaban jama'a ba ya gogewa. Ɗan Chadi ya ce shi ba ya son makin da bai yi gumi a kansa ba, kuma ba adalci ba ne wasu su fuskanci Direba wasu su samu kyauta. Malam, wanda sokewar za ta rage wa maki, shi ya fi kowa tsayawa a kan a soke, ya ce in muna so wata rana hukumar ƙasa ta ɗauki sakamakonmu da daraja, da dokar da kowa ke bi za mu saba tun yanzu. Ni kaina ina cikin biyar ɗin da za su samu makin kyauta, don haka na ce ba zan ɗaga hannu ba. Baba Tela ma ya ce ba zai ɗaga ba. Aka ƙirga: biyar sun ce a soke, biyu sun ce a bari. Auta na cikin biyun, ya faɗi dalilinsa cikin ladabi, ya yi shiru.

Yanzu mutum tara, wasa takwas kowa. Baba Tela huɗu cikin huɗu, Auta da Malam uku-uku. Tunda an ga rami ɗaya, muka toshe na biyu: in an yi kunnen doki a saman tebur, da lissafin Sonneborn-Berger za a raba, wato a tara makin duk waɗanda mutum ya ci, a ƙara rabin makin waɗanda ya yi canjaras da su. Na rubuta, kowa ya sa hannu.

Asabar, 11 ga Janairu, zagaye na shida

Na ji tsoron Auta ba zai zo ba. Shi ya fara isowa, ya share alluna. Ya ci 'Yar Malam, kuma da zai yi rok sai da ya ɗaga sarkin sama kowa ya gani. Ɗan Chadi ya riƙe Baba Tela canjaras. Kawu ya ci Dokta, makinsa na farko, ya sa aka kawo tsire na jaka ɗaya daga aljihunsa. Malam ya ci Mai gyaran waya. Ni na huta.

Asabar, 18 ga Janairu, zagaye na bakwai

Auta ya ci ni a taku 26. Baba Tela ya ci 'Yar Malam, Malam ya ci Kawu, Ɗan Chadi da Dokta canjaras. Ɗaya daga agogon tuta ya fara gudu a ɓangare ɗaya, ƙura ta shige shi. Mai gyaran waya ya tafi da shi. Shayi na Janairu, 1,500.

Asabar, 25 ga Janairu, zagaye na takwas

Zauren ya cika har waje, masu mashin biyu sun ajiye haya sun tsaya kallo. Auta da farare, Baba Tela da baƙaƙe, tazarar rabin maki tsakaninsu.

Yaron ya yi wasan da ya fi kowane kyau a gasar nan. Ya matsa, ya ci dakare, ya ci wawa. Da aka zo ƙarshe yana da sarki, wawa da dakare ɗaya a layin h, Baba Tela sarki kawai. 'Yan kallo har sun fara yi wa yaron murna da ido. Ni kuwa na ga Baba Tela bai ko damu da dakaren ba, sarkinsa kawai yake ja, taku bayan taku, zuwa kusurwar h8. Gidan nan baƙi ne, wawan Auta kuma a fararen gidaje yake tafiya. Ba yadda za a yi ya kori sarkin daga kusurwa. In ya matsa da yawa sai pat, sarki ba shi da wurin zuwa kuma ba a kama shi ba. Auta ya yi ta zagaye taku goma sha biyar kafin ya yarda canjaras ne.

Da aka tashi Baba Tela ya mayar da wasan baya taku ashirin, ya nuna masa inda ya kamata ya ƙi musayar dakaren g. Ya ce, "Tun daga nan na fara tafiya gida, kai kana ƙirga dukiya."

A ɗaya allon 'Yar Malam ta ci mahaifinta. Tun farko ta ce, "Baba, ka yafe mini, yau ba sani ba sabo." Ta kama sarauniyarsa da sarkinsa da doki ɗaya a taku na 29. Malam ya yi ta nuna wa mutane takardar wasan kamar sakamakon jarrabawa, ko da yake cin ya rage masa damar ɗaukar kofi. Ɗan Chadi ya ci ni, Mai gyaran waya ya ci Kawu.

Asabar, 1 ga Fabrairu, zagaye na tara

Auta ya ci Ɗan Chadi. Malam ya tsare Baba Tela canjaras bayan taku 52, ana kiran Magariba. Dokta ya ci Mai gyaran waya, na ci Kawu.

Ga tebur, cikin wasa takwas. Baba Tela shida da rabi, Auta shida da rabi. Malam biyar da rabi. Ɗan Chadi huɗu da rabi. 'Yar Malam huɗu. Dokta uku da rabi. Ni biyu da rabi. Mai gyaran waya biyu. Kawu ɗaya. Jimla 36, daidai da yawan wasannin da suka rage a lissafi.

Bayan salla ni da Malam muka yi lissafin rabawa, kowa a takardarsa, muka gwada. Baba Tela 21.25, Auta 20.75. Na miƙe na faɗa, na ɗauko kofi.

Baba Tela bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Malam sakatare, ajiye shi tukuna. Direba ya ci ni a zauren nan, kowa ya gani. Yaron nan ya ci Direba. In na kai kofin nan shago, duk wanda ya tambaye ni sai na yi masa dogon bayani. Ku ba mu allo mu raba."

Abin ya tsaya mini a wuya. Makonni uku da suka wuce muka sa hannu a kan hanyar rabawa, kuma duk wahalar da na sha bana don kada a riƙa sauya doka bayan an ga sakamako ne. Na faɗi haka a fili. Malam ya ce wanda doka ta ba haƙƙi ne ya sauke haƙƙinsa da bakinsa, ba wanda aka ƙwace wa komai. Na ce to, da sharaɗi biyu: sai duk mu tara mun yarda, kuma a littafi zan rubuta sakamakon lissafin yadda ya fito, sannan in rubuta abin da ya biyo baya. Aka yarda ba ko mutum ɗaya da ya ƙi. Wasa biyu, minti 15 da ƙarin daƙiƙa 10 a kowane taku, Asabar mai zuwa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Wasan farko canjaras, an maimaita matsayi ɗaya sau uku, ba wanda ya so ya yi kasada.

Na biyu Baba Tela ne da farare. Auta ya fita daga buɗin wasa da kyau, har ya fi shi lokaci da minti shida. Amma ya yi sakaci da dakare ɗaya a tsakiya, aka yi ta musaya har aka zo hasumiya da dakare a hannun Baba Tela, hasumiya kaɗai a hannun Auta, sarkin yaron kuma yana gaban dakaren. Wannan canjaras ne ga wanda ya san hanya. Philidor na Faransa ya bayyana ta tun ƙarni na 18: ka ajiye hasumiyarka a sahu na uku daga ɓangarenka, ta hana sarkin abokin gaba shigowa. Sai dakaren ya taka wannan sahun, sannan ka ruga can ƙarshen allo ka riƙa ba sarkinsa eshek, wato kai masa hari, ta baya, ba shi da maɓoya. Auta ya bar hasumiyarsa a sahun baya tana gadi. Sarkin Baba Tela ya shigo gaban dakarensa, barazanar mat ta zo, yaron ya rasa hasumiya. Ya kwantar da sarkinsa da hannunsa.

Baba Tela ɗaya da rabi, Auta rabi. Baba Tela ne zakaran hunturu, karo na uku. Wannan karon ya karɓi kofin da hannu biyu. Idon Auta ya kawo ruwa, ya juya baya ya goge da hannun riga, sannan ya dawo ya durƙusa ya gaishe shi. Kafin a zuba shayi na biyu har sun sake jera ƙarshen wasan, Baba Tela ya karɓi baƙaƙe ya ce masa, "To ci ni in gani." Sau huɗu yaron ya gwada bai iya ba.

Na aika wa Direba sakamakon ta waya. Ya amsa da murya, ana jin ƙarar mota, yana tambaya ko an ajiye takardar wasansa da Baba Tela. Tana nan cikin littafi.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Lissafin kuɗi: an tara 14,000, an kashe 12,750, saura 1,250. Da shi na sayi kaye, littafin rubutu mai kauri, na ba Auta a matsayin kyautar na biyu, sauran 500 na hannuna. Gyaran agogo Mai gyaran waya ya ce sadaka ne. An mayar wa Ɗan Chadi allonsa. Takardun wasa 40 na ɗinke su wuri ɗaya, har da huɗun Direba.

Azumi zai kama farkon Maris, zafin Garwa kuma na biye da shi, don haka ba gasa sai bayan Ƙaramar Salla. Kafin nan Baba Tela ya yarda zai riƙa koyar da ƙarshen wasa a shagonsa kowace Lahadi da safe, a fara da sarki da dakare, sannan hasumiya. Auta, 'Yar Malam da ni mun ba da suna. Malam zai sake rubuta takardar doka da Hausa da Faransanci, da batun mai fita, da hanyar raba kunnen doki, a karanta ta gaban allo kafin zagaye na ɗaya. Muna son agogon zamani ko da biyu ne, na roƙi wani ɗan'uwa da ke zuwa Duwala ya tambayo mana farashi. Kawu ya ce yara uku daga layinsu sun zo suna tambaya ko ana karɓar sababbi. Na ce su zo Lahadi ƙarfe tara, kowa da bik ɗinsa.